Sabon Jinka A Kan Tsohuwar Katanga: Ciwon Kan Masu Kwamfuta Daga Kazaure Zuwa Ɓaɓura

Daga Wakilinmu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin akawuna da ɗalibai da masu shagunan buga takardu a garuruwan Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, watau "jiya fa lafiya lau na kashe ta." Mutum ya tashi daga aiki da yamma kwamfutarsa ƙalau, ya dawo da safe ya taɓa manhajar da ya saba aiki da ita shekara da shekaru, sai ta ƙi buɗewa, ko kuma ta fito masa da wani ɗan rubutun Turanci mai cewa wani fayil ya ɓace. Ba ta faɗi ƙasa ba, ruwa bai taɓa ta ba, wuta ba ta ƙona ta ba. Abin da ya auku kurum shi ne, sa'ad da aka haɗa ta da intanet, manhajar ta sabunta kanta, sabon samfurin kuwa ya tarar da cewa kwamfutar da ya sauka a kanta ta tsufa ƙwarai.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga wanda ta faɗa wa. In a ofis ne, takardun albashi na iya kwana uku ba su fita ba. In ɗalibi ne, aikin da ya yi wata huɗu yana rubutawa yana cikin akwatin da ya ƙi buɗuwa, ga ranar miƙawa ta ƙarato. In kuwa mai shago ne, layin masu son cika takardun neman makaranta ko neman aiki sai ya watse ya koma shagon maƙwabcinsa, kuma ba lalle ne su dawo ba.

Abin da ya sa batun ya fi dacewa da wannan yanki shi ne, ƙasar Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun a shekarar 2001, zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa makarantar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure, wadda jama'a suka fi sani da suna Informatics, a lokacin da garuruwa da yawa da suka fi Kazaure girma ba su san inda aka dosa ba. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, kana Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. A shekarar 2021 kuma aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Saboda haka a wannan kusurwa ta arewa maso yammacin jihar akwai dubban matasa waɗanda karatunsu da abincinsu ya rataya a kan kwamfuta. Amma duk wanda ya riga shiga kasuwa shi ne kayansa ke riga tsufa, kuma mafi yawan abin da ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa ke iya saye kwamfuta ce ta hannu, irin wadda ake samowa a titin Beirut a Kano, bayan ta gama yi wa wani ofis hidima a Turai ko Amurka.

Domin mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙar, sai mu ɗauki misalin ginin soro. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce harsashi da katanga, irin su Windows 7 ko Windows 10. A kanta ne ake ɗora ƙananan manhajoji na rubutu da lissafi da shiga intanet, su ne jinka da ƙofofi. Ƙaramar manhaja ba ta yin kome da kanta: in tana son ajiye fayil, ko ta aika takarda ga firinta, ko ta yi magana da wata kwamfuta, sai ta roƙi babbar ta yi mata. To, idan masu ƙaramar manhaja suka fito da sabon samfuri, sukan gina shi bisa awon babbar manhaja ta zamani, ya riƙa neman waɗansu hidimomi da tsohuwar ba ta taɓa jin sunansu ba. Da ya yi kira ba a amsa ba sai ya tsaya cik. Wannan shi ne ma'anar rubutun nan da ke cewa ba a sami wani fayil mai ƙarewa da haruffan dll ba. Sau da yawa fayil ɗin bai ɓace ba, tun asali ma babu shi a cikin wannan gida.

Kamfanin Microsoft, mai Windows, ba ya ɓoye ranar da zai daina kula da kowace babbar manhaja tasa. Windows XP, wadda ta fito a 2001, an sallame ta ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka daina yi mata gyara ranar 14 ga Janairu 2020. Windows 8.1 ta bi sahu ranar 10 ga Janairu 2023. Ita kanta Windows 10, wadda mutane da yawa a nan suke ɗauka sabuwa ce, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai kamfanin ya buɗe wata ƙofa ta ƙarin gyaran tsaro ga masu kwamfutar gida da suka yi rajista, har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Cikar wa'adi ba ya nufin kwamfutar za ta mutu ranar. Za ta tashi kamar kullum. Abin da yake nufi shi ne maginin ya kwashe kayan aikinsa, duk tsagar da ta bayyana a katanga daga ranar nan haka za ta zauna, kuma sauran kamfanoni su ma sukan janye ɗaya bayan ɗaya.

Misali mafi kusa shi ne burauzar Chrome, wadda kusan kowane shago ke shiga intanet da ita. Samfuri na 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8.1, daga na 110 kuwa sai Windows 10 zuwa sama. Firefox ta ɗan fi haƙuri, gama samfurinta na 115 shi ne na ƙarshe ga waɗannan tsofaffi, kuma masu ita sun yi ta ƙara masa wa'adin gyaran tsaro. Haka abin yake a wayar hannu: tun daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Wanda ya ga wayar tsohonsa ta daina karɓar saƙo rana ɗaya ya riga ya san ciwon da muke magana a kai.

Fomatin Ba Shi Ne Magani Na Farko Ba

A nan ne ake tafka asarar da ta fi kowace ciwo. Da kwamfuta ta yi gardama sai a ɗauke ta a kai wa mai gyara, shi kuwa, musamman in yaro ne sabon koyo da ke son sallamar mutum da wuri, kalmar farko da za ta fito daga bakinsa ita ce a yi mata fomatin, watau a share kome a zuba wata babbar manhaja. Sau da yawa ma tsohuwar nan dai zai sake zubawa daga faifan da ya gada wurin maigidansa, kwamfutar ta yi mako biyu lafiya, ta sake hawa intanet, manhajar ta sake sabunta kanta, a koma gidan jiya. Bambancin kawai shi ne a wannan karon takardun shekara biyar sun tafi. A ra'ayin wannan wakili, mai gyaran da ya fara da fomatin kafin ya tambayi abin da ya faru daidai yake da wanzamin da ke yin ƙaho kafin ya ji inda ke ciwo.

Abin da ƙwararru ke fara yi shi ne kwashe takardu. A sami filash ko wani rumbun ajiya na waje a kwafe duk abin da ke da amfani, tun kafin a taɓa kome. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga masu manhajar lissafin kuɗi ko ta rajistar ɗalibai, domin wani sabon samfurin yakan canza fasalin fayil ɗin da ya buɗe, ta yadda in an koma tsohon samfuri ba zai iya karanta shi ba. Bayan haka a kwafe rubutun da kwamfutar ta nuna a takarda, harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. Mutane da yawa sukan yi sauri su rufe shi don haushi, alhali shi ne majinyacin ke faɗin abin da ke damunsa.

Sa'an nan a duba agogo. Wannan zai ba wani dariya, amma tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan batir mai kama da kwabo a cikinsu, wanda ke riƙe kwanan wata in an ɗauke wuta, kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta kamar tamu, wannan batir yana aiki fiye da yadda maƙeransa suka zata. In ya mutu sai kwamfutar ta farka tana zaton shekarar da aka ƙera ta ake ciki. Shafukan intanet na bankuna da makarantu da hukumomi kuwa suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to, in agogon ya saɓa sai burauza ta ce shafin ba amintacce ba ne ta ƙi shiga. An sha ɗora wa sabuntawa laifin da na batir ne, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci kuma takardar shaidar ce da ke cikin tsohuwar babbar manhajar ta ƙare da gaske, kamar yadda ya faru ranar 30 ga Satumba 2021, sa'ad da wata babbar takardar shaida da ɗimbin shafuka suka dogara da ita ta cika wa'adi, tsofaffin kwamfutoci da wayoyi da yawa suka wayi gari ba sa iya buɗe shafukan da suka saba.

In agogo daidai yake, sai a koma kan manhajar. Windows tana da wata dabara mai suna System Restore, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take kwana biyu ko mako guda da ya wuce ba tare da taɓa takardun mutum ba, muddin dai ba a kashe ta tun farko ba. In wannan bai yiwu ba, a cire sabon samfurin, a nemi na ƙarshe da masu shi suka ce yana aiki a kan wannan babbar manhaja, a zuba, kana a hana shi sabunta kansa. Lalle ne a samo shi daga shafin masu shi na ainihi, kuma a lura ko kwamfutar mai lamba 32 ce ko mai 64, gama manhajar da aka yi wa mai 64 ba ta hawa mai 32 ko da an kwana ana gwadawa.

Akwai kuma inda laifin na mai kwamfutar ne, ko na wanda ya sayar masa. Windows 7 da yawa da ke hannun jama'a ba su taɓa karɓar gyare-gyaren da kamfanin ya fitar tun tana cikin wa'adi ba, domin an kashe ƙofar sabuntawa, ko don tattalin data, ko don kwafin ba na halas ba ne ana tsoron a gane. A shekarar 2019 Microsoft ya canza irin hatimin da yake buga wa gyare-gyarensa, kuma duk Windows 7 da ba ta karɓi gyara mai lamba KB4474419 ba, ba ta gane sabon hatimin. Shi ya sa za ka ga an sayo firinta sabuwa fil a kwali, an zo zuba manhajarta, kwamfutar ta ce ba ta yarda da ita ba. Haka nan gyara mai lamba KB2999226 yakan warkar da kukan ɓatan waɗansu fayilolin dll. Abin da bai kamata a yi ba ko kusa shi ne a shiga intanet a rubuta sunan fayil ɗin, a sauko da shi daga shafin da ba a san mai shi ba a cusa a cikin kwamfuta. Waɗannan shafuka nan ne ɓarayi ke kafa tarko, kuma mai neman maganin ciwon kai yana iya komawa gida da kuturta.

Amma fa duk wannan ɗinkin tsumma ne. Komawa tsohon samfuri yana ba mutum damar ya fitar da albashin wannan wata ko ya miƙa aikinsa, ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Kuma kada wani ya fahimci cewa maganin shi ne a guji sabuntawa gaba ɗaya, gama duniya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta kulle takardun kwamfutoci sama da 200,000 tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar, watau wata biyu kafin annobar, waɗanda abin ya shafa ba su zuba ba ne kurum, kuma mafi yawansu Windows 7 suke amfani da ita. A lokacin akwai gyaran, sakaci ne ya hana. Yau mai Windows 7 ko ya so ya zuba babu abin zubawa.

Gaskiya kuma ita ce sabuntawar ma takan yi ɓarna ko a kan sabuwar kwamfuta. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike a Amurka ya aika wani gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi cikin sa'o'i kaɗan, aka soke tashin dubban jiragen sama, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma sai da ma'aikata suka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da hannu suna cire fayil ɗin.

Darasin JAMB

Ba sai mun je Amurka ba. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, saboda haka yaron Gwiwa ko na Roni da bai taɓa mallakar kwamfuta ba, makomarsa na rataye a kanta. A shekarar 2025, bayan sakamako ya fito jama'a suka yi ta kuka, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ranar 14 ga Mayu ya amsa cewa an yi kuskure, har ya zubar da hawaye. Bayanin da hukumar ta yi shi ne an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, amma gyaran bai hau kan waɗansu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba tambayoyi yadda ya kamata ba. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas abin ya shafa, aka sa suka sake zama jarrabawa. Cibiyoyin Jigawa ba sa cikin lissafin, amma duk mai kula da ɗakin kwamfuta a makaranta ko ofis ya kamata ya tsaya ya dubi yadda abin ya faru: rabin gida an sabunta, rabi an bar shi a kan tsohon tsari, ba kuwa wanda ya bi ya gwada kafin ranar aiki. Ofishin da ke da kwamfuta goma, uku a kan Windows 7, biyar a kan 10, biyu a kan 11, yana zaune ne a kan irin wannan rami, ko da yake nasa ƙarami ne. Dabarar da ba ta cin ko kwabo ita ce a fara gwada kowace sabuntawa a kan kwamfuta guda, a ba ta kwana biyu, in ta zauna lafiya a bi sauran, kuma kada a yarda a sabunta kome a makon albashi ko makon jarrabawa.

To, ina mafita ta dindindin? Hanyar da kamfanin ya nuna ita ce Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, amma tana da sharuɗɗa masu tsauri. Tana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 aƙalla, da wurin ajiya na gigabait 64, kuma a ƙa'ida ba ta karɓar injin Intel da ya girmi zubi na 8, watau kusan duk abin da aka ƙera kafin 2017 ya fita. Akwai masu dabarar tsallake waɗannan sharuɗɗa, kuma kwamfutar takan tashi, sai dai kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irinta gyara ba. Saboda haka ɗalibin da zai je Kano sayen kwamfuta ta hannu, tambayar da ta fi launin murfi da girman allo muhimmanci ita ce zubi na nawa ne injinta. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin kwamfuta ya yi tashin gwauron zabi, kuma arahar da za a yi masa a kan 'yar zubi na 4 ko na 5 arahar da ba ta kai gida ce.

Ga wanda ba shi da halin sayen wata, akwai Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda ba ta mallakar kamfani guda, kuma waɗansu ire-irenta, kamar Linux Mint da Lubuntu, suna iya tafiya a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. A kanta ana samun burauza ta zamani mai karɓar gyara, da LibreOffice na rubutu da lissafi, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Ga ɗalibi mai rubutu da bincike wannan ya wadatar, musamman in an ƙara mata ƙwaƙwalwa aka sauya tsohon rumbun ajiya mai juyawa da irin na zamani da ake kira SSD. Amma kada a yi gaggawa a ofis: na'urorin ɗaukar hoton yatsa da waɗansu manhajojin hukumomi sau da yawa Windows kaɗai suka sani. Kwamfutar da dole ta zauna a kan tsohuwar Windows saboda irin wannan na'ura, abin da ya fi shi ne a zare ta daga intanet, a hana cusa mata filash ɗin kowa, a bar ta da aikinta guda.

Ragowar maganar ta shugabannin ofisoshi ce, da masu tsara kasafin kuɗi a ƙananan hukumomi da makarantu. Har yanzu a wurare da yawa ana rubuta kwamfuta a littafin kaya a layi ɗaya da tebur da kabad, a saya sau ɗaya, a ɗauki hoto ranar rabawa, a ɗauka an gama. Tebur yana iya shekara talatin ba a taɓa shi ba, amma Windows 7 shekara goma da 'yan watanni ta yi a ƙarƙashin kulawar masu ita, haka ma Windows 10. Mutanen da suka tashi a gidan ƙasa sun san ba a jiran damina ta sauka kafin a nemi mai yaɓe. Littafin kayan ofis yana bukatar ƙarin layi uku a gaban kowace kwamfuta: wace babbar manhaja ke kanta, yaushe wa'adinta zai cika, kuma wane ne ke kwafe takardun cikinta duk ranar Juma'a. Layi na biyu ba ya bukatar bincike mai zurfi, gama ranakun a rubuce suke tun shekaru kafin su zo. Manhajojin Office 2016 da Office 2019, waɗanda ake buga yawancin wasiƙun ofis da su, su ma wa'adinsu ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10.